Intanet a gidan garka: yadda munka kai ta, da abin da ta ci

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowane ƙauye shina da wurin da rezo ke kamawa. Wani gari bisa juji ne, wani gindin gawon bakin hanya, wani kuwa sai yaro ya hau bisa kan rumbu. Da la'asar sakaliya sai ka ga mutane sun taru wurin, kowa ya ɗaga salula sama, ana jiran saƙo shi sauko. Duk mai ɗa wajen ci-rani ya san wurin nan kamar yadda ya san hanyar rijiya.

Gidan kawuna ma haka shike, har ya fi. Ba cikin gari kawu ke zaune ba. Ya daɗe da fita ya yi gida bakin garkarshi ta albasa, cikin ƙasar Maggiya, wajen kilomita 9 daga kwaltar da ta bi ta Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa. Gidan cikin kwari shike, tudu ya tare shi daga wajen hanya. Babu wutar Nigelec. In ana son magana da wani, sai a tashi yaro shi hau tudu da salula.

A kakar albasa ta 2025 abin ya taɓa aljihu. Wani dillali ya zo da babbar mota, ya ce kasuwar Gana ta cika, kaya na ruɓewa, wanda bai sayar yau ba gobe za shi yi kuka. Kawu ya sayar da fiye da rabin abin da ya noma. Bayan kwana huɗu yaro ya hau tudu, sai ga saƙon murya ya sauko daga wani ɗan'uwa da ke kasuwar albasa ta Adjen Kotoku, bayan birnin Akara, inda anka mai da ƴan albasa daga Agbogbloshie a 2021. Saƙon ya yi mako guda shina jiran rezo. Abin da ke ciki shi ne: kada a yi gaggawa, motoci ba su iso ba, kaya ya yi ƙaranci. Kawu ya saurara sau biyu, ya miƙa ma yaro salula, bai ce komi ba.

Babban ɗanshi da ke Abijan, da ya ji labari, sai ya ce: «Baba, a sa farantin nan na tauraro, ni zan biya.» Kawu bai amsa mashi ba, ya aiko anka kira ni. Ya ce: «Ɗana, kai ka yi lakkwal. Ina son abin nan cikin gidana, amma ba ni son in sayi doki in rasa ciyawa.» Abin da munka yi cikin wata biyu shi ne zan ba ku labari, har da kurakuranmu, don mai irin wagga niyya shi rage asara.

Mi za ta ƙara ma manomi?

Salula ba baƙuwa ba ce gare mu. Ta soma bazuwa ƙasarmu a 2001. Wata masaniyar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi cikin kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta iske inda rezo ya iso, bambancin farashi tsakanin wata kasuwa da wata ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili a fili shike: ɗan kasuwa ya bar tafiya a makance, shina tambaya kafin shi ɗaura kaya. To, wannan da kira kaɗai anka samu.

Intanet ta ƙara abu uku da kira ba shi yi. Tana ɗaukar murya ta ajiye, wanda bai yi karatu ba shi faɗi maganarshi da bakinshi, wancan shi saurara sa'ad da ya samu sarari. Tana ɗaukar hoto. Kuma magana da Abijan ko Akara ba ta cin kiredi kamar kira. Ƙungiyar RECA ta majalisun manoma tana da masu ba da shawarar noma ta waya da ta WhatsApp, da Hausa da Zabarmanci. Manomi na iya ɗaukar hoton ganyen da ƙwari sunka ci shi aika, a gaya mashi abin da ke damun shukarshi. Ga kuma kuɗɗin da ɗiya ke aikowa ta Nita ko Amana, mutum shi san sun iso kafin shi hau kabu-kabu zuwa gari.

Intanet tana isa gida ta ɗayan hanya uku: ta waya cikin ƙasa, ta dogon ƙarfen kamfanin salula wanda muke cewa antan, ko ta tauraron ɗan adam.

Ta farko ba ta daɗe bakinmu ba. Wayar gilashi ce siririya, ana bizne ta gefen manyan hanyoyi. Da yake ƙasarmu ba ta da teku, ta irin wagga waya muke haɗuwa da manyan wayoyin da ke kwance ƙarƙashin ruwa, ta ƙasashen maƙwabta. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu sunka katse cikin teku wajen Abijan, intanet ta yi nauyi ƙasashe da yawa har da tamu, ya san nisan igiyar da salularshi ke rataye gare ta. Amma a tona rami na kilomita 9 don gida guda, wannan ba aikin aljihun manomi ba ne. Saura hanya biyu.

Gora da salula biyu

Kafin a sayi ko ƙusa, sai a san abin da ke cikin iskar gidan. Kamfanonin salula huɗu ne: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms. Ba wuri guda antan ɗinsu suke ba. Wanda ya fi ƙarfi kasuwar gari, yana yiwuwa shi ne ba shi kai bakin garka. Mun ari layin kowane ɗaya wajen maƙwabta.

Ga abin da ya kamata a gane. Rezo kamar gani shike, shina son fili tsakaninka da antan. Ƙasa kuwa ba shimfiɗe take kamar tabarma ba, tana da doro. Mutum tsaye cikin fili, iyakar ganinshi wajen kilomita 5. In ya hau abu mai tsawon mita 9, ganinshi na kai kusan kilomita 11. Banda doron ƙasa ga tudu, ga duwatsun Adar, ga itatuwa, ga katangar laka da rufin kwano, duka suna shan rezo. Shi ya sa salula ke mutuwa cikin ɗaka ta farfaɗo bisa juji. Ba aljannun juji ba ne, tsawo ne.

Dabarar da munka yi ba ta ci ko dala ba. Mun samu salula biyu da doguwar gora biyu, munka haɗa su da igiya. Salula ɗaya anka kunna mata abin nan da ke sa ta raba intanet ga wata, anka ɗaure ta kan gora cikin tsumma, anka ɗaga sama. Ni ina ƙasa da ta biyu ina gwadawa. Munka zagaya gidan kusurwa kusurwa. Kada ku dubi sandunan nan na saman salula kaɗai, suna ruɗi. Ku dubi harafin da ke kusa da su. In E ne, intanet ɗin rarrafe take, murya ma da ƙyar. In H ne, da dama. In 4G ya fito ya zauna, an dace. Sa'an nan ku aika hoto ku ga minti nawa za shi yi. Ku gwada da safe, ku gwada da rana, ku gwada bayan isha'i, don lokacin ne kowa ke bisa antan, rabon kowa shi ragu.

Kwana uku muna wanga aiki, mata na leƙe suna dariya. Layi biyu ba su ce komi ba ko'ina. Na uku shina zuwa shina tafiya. Na huɗu, bayan garken awaki, kusurwar kudu maso gabas inda tudu ya ɗan rusuna, ya ba da 4G ya tsaya. Na gaya ma kawu: «Kawu, abin da kake nema shina bisa kan awakinka, mita 9 sama.» Ya ce: «To, a kai hannu.»

Nan munka yi kuskuren farko. Ƙaramin ɗan kawu, don zumuɗi, ya tafi kasuwa ya sawo wata antan ta hannu da siririyar waya mai tsawon mita 20, mai kanti ya rantse mashi za ta jawo rezo ko daga Tawa. Anka ɗaura bisa gora, anka jawo waya har ɗaka, anka haɗa da akwatin wifi. Abin da ya iso ƙasa bai kai na salular da ke cikin tsumma ba. Kuɗɗi sun tafi.

Wani mai gyara da munka ɗauko daga Ƙonni shi ya warware muna. Ya ce irin wagga waya kamar hanyar ruwa ce cikin rairayi: abin da ka zuba can, rabi ba shi isowa nan, kuma iyakar tsawonta iyakar shanyewa. Magani shi ne a kai akwatin kanshi sama. Akwai akwati da anka yi don zama waje, antan na cikinshi, katin sim na cikinshi, ruwa ba shi shiga. Shi ke kama rezo can bisa, sa'an nan shi turo ƙasa ta wata irin waya mai kauri, wadda ke kai mita 100 ba ta rage komi ba. Ta cikinta kuma wuta ke hawa zuwa gare shi. Ƙasa, cikin zaure, sai ƙaramin akwatin wifi da ke rarraba ma saluloli.

Gora ba ta yin wanga aiki, iskar farkon damana za ta karya ta. Mun sa bututun ƙarfe, guda da rabi, ya ba da mita 9. Anka tona rami, anka zuba siminti, anka ja igiyar ƙarfe uku zuwa turaku uku. Mai gyara ya yi ma gindin wata gaɓa, yadda mutum uku za su iya kwantar da ƙarfen in ana son taɓa akwati, ba sai yaro ya hau ba. Sa'an nan saiti: shi bisa tsani shina juya fuskar akwati kaɗan kaɗan wajen kwalta, ni ƙasa ina faɗa mashi ya ƙaru ko ya ragu, har munka samu inda ya fi.

Abu guda da ba na wasa ba: dogon ƙarfe tsakiyar fili kiran aradu ne. Tilas a kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa, wuri mai laima, a haɗa ta da ƙarfen da waya mai kauri. Kuma ƙarfen shi yi nesa da ɗakin kwana. In hadari ya taso, a cire wayar da ta shigo zaure, a jira shi wuce. Layin kuwa da sunan mai gida za a yi shi, da takardarshi ta shaida. Kada a yi da sunan yaron da gobe za shi tafi ci-rani da takardunshi.

Ciyawar doki

Ranar da anka kunna, kawu ya ga fuskar jikanshi na Abijan, wanda bai taɓa gani ba. Kafin tsakar dare komi ya mutu. Kuskure na biyu ke nan: da tsohon batirin mota munka haɗa, da wani ɗan faifan rana da ake sharjin saluloli da shi. Batirin mota an yi shi don shi ba da ƙarfi lokaci guda, inji shi tashi, sa'an nan a cika shi nan take. Ba a yi shi don a tsotse shi dare duka ba. In anka yi mashi haka, ƴan makonni ne za shi yi.

A ganina nan ne maganar take, kuma nan ne masu sayar da kaya ba su cika tsayawa ba. Cikin ƙasarmu kusan mutum ɗaya cikin biyar ke da lantarki, ƙauye kuwa ya fi kasawa nesa. Ke nan wanda za shi sa intanet gidan gona, gidan wuta ne za shi gina tukuna. Manya za su tuna telebijin ta taron jama'a da anka kakkafa ƙauyuka cikin shekarun 1980, da yawa da hasken rana suke aiki. Ƙasarmu ta riga wasu sanin wanga ilimi, tun da anka buɗe ma'aikatar Onersol a 1965, wadda Farfesa Abdu Mumuni ya daɗe shina shugabanta. Ta garinmu, ina yaro, ba telebijin ɗin ce ta lalace ba. Batir ne ya mutu, ba a samu mai sawo wani ba, ta zama wurin kwanan kaji.

Lissafin ba shi da wuya, manomi ya riga ya san irinshi. Faifan rana, wanda ake cewa fanno, shi ne gona. Batir shi ne rumbu. Akwati shi ne bakin da ke ci. Kowane kaya an rubuta bisa jikinshi wat nawa shike ci. A ninka da awowin da za shi yi kunne, shi ne cin yini, kamar yadda uwargida ta san tiya nawa gida ke ci.

Akwatunan kawu biyu, na sama da na zaure, tare suna cin wajen wat 15. In sun kwana kunne, 15 sau 24, ya zama 360. In anka kashe su daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, saura awa 16, ya zama 240. Batir na bolt 12 mai lamba 100 shina ɗaukar 1200. Amma irin mai dalma ba a cin fiye da rabinshi in ana son shi daɗe, kamar yadda ba a share rumbu har iri. Ke nan 600 gare ka. Fanno mai wat 100, in shina da tsabta, shina kawo 400 zuwa 500 a yini da irin ranarmu. Bisa takarda ya isa har da saura.

Bisa takarda na ce. Ranar da wuta ta shigo gida, baƙi na shigowa. Kowace salula na shan 10 zuwa 15 in za ta cika. Goma sun sha 150. Sai a ce a ƙara fitila ɗakin amarya, sai rediyo, sai wani shi kawo maganar fanka. Don haka mun sa fanno biyu, da batir irin na hasken rana, da ɗan akwatin nan da ke tsakaninsu, mai hana batir cika fiye da kima da kuma tsotsewa har ƙasa. Kada a yi rowar wanga akwati, shi ne makiyayin batir. Da yake akwatin wifi da bolt 12 shike aiki, mun haɗa shi kai tsaye, ba mu bi ta na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta Nigelec ba, don ita ma tana cin rabonta ko ba a aiki da ita.

Fanno a ɗan jingine ake kafa shi, fuska na duban kudu, inda inuwar itace ba ta faɗa mashi. Da hunturu ƙura na rufe shi cikin kwana biyu, sai ka ga wuta ta ragu ka ce kaya ne ba su da kyau. A sa yaro guda shi riƙa share shi da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashi shi yi zafi. Batir kuma zafi ne ajalinshi. Kada a kulle shi ɗakin kwano da bazara. A sa shi inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da hannun yara.

Da munka haɗa lissafi, kayan wuta sun fi kayan intanet tsada.

To, faranti fa?

Farantin da ɗan kawu ke magana na Starlink ne, na kamfanin SpaceX na Elon Musk, can Amurka. Taurarin telebijin da munka saba da su suna nesa ƙwarai, wajen kilomita dubu 36, tsaye wuri guda bisa kanmu, shi ya sa ake saita farantin telebijin sau ɗaya a ƙyale shi. Na Starlink ƙasa-ƙasa suke, wajen kilomita 550. Dubbai ne, suna gudu suna wucewa, faranti na kama wannan, in ya wuce shi kama na bayanshi. An soma harba su da yawa a 2019. Najeriya ce ta fara samu cikin Afirka, a Janairu 2023. Nan gida an sa hannu bisa yarjejeniya Yamai cikin Oktoba 2024, aiki ya soma a Maris 2025.

Gaskiya abin shina da ƙarfi, kuma ba ruwanshi da tudu ko nisan kwalta. Abin da shike so sararin sama buɗe, ba gawo, ba giginya bisa kanshi. Ruwa mai ƙarfi na iya tsai da shi ɗan lokaci. Kafa shi ma ya fi kafa ƙarfenmu sauƙi.

Amma ku dubi ciyawarshi. Babban faranti na cin wat 75 zuwa 100. Ko awa 10 kaɗai ya yi a yini, ya ci 750 zuwa 1000, wato ninki uku ko huɗu na akwatunan kawu. Akwai ƙarami, mai cin wat 25 zuwa 40, shi ya fi dacewa da gidan da ba lantarki. Sai kuɗɗi. Lokacin yarjejeniya an yi maganar wajen jikka 25 kowane wata, kayan kuma sun haura jikka 200. Farashi na canzawa, a tambaya kafin a ƙulla. Amma ko a haka, jikka 25 sau 12 jikka 300 ne a shekara, kuma watan Agusta, da rumbu ya yi ƙasa, shi ma wata ne. Ɗan ci-rani da ya ce «ni zan biya» da zuciya ɗaya ya faɗa, sai dai aikin Abijan ba shi da tabbas.

Wanda za shi saya shi kiyaye da na hannu. Kowane faranti ɗaure shike da sunan wanda ya fara yin rajistarshi. In mai shi bai sake shi ba ta hanyar kamfani, ka sayi tire mai tsada. Haka wanda anka yi ma rajista wata ƙasa anka ƙetaro da shi: bayan ɗan lokaci ana iya tsai da shi sai an gyara takardu.

Ra'ayina, faranti na wurin da ko ka hau raƙumi bisa tudu ba ka ganin antan ne: mashekarin makiyaya can arewacin Abalak da Cintabaraden, ko likitar ƙauye, ko lakkwal, ko mangazar ƙungiya inda mutum talatin za su raba nauyi. Gida guda da gora ta nuna mashi 4G, in ya sayi faranti, ya sayi raƙumi don ɗaukar tiya guda. Haka na gaya ma kawu, haka ya gaya ma ɗanshi. Ɗan bai ji daɗi ba.

Forfe na wata ya ƙare kwana shida

Wanga shi ne kuskure na uku, kuma shi ya kusa kawo faɗa cikin gida. An sayi forfe na wata, anka ba kowa lambar sirri ta wifi, har da yaran maƙwabta. Rana ta bakwai kawu ya so aika saƙo Gana, babu.

Intanet da awo ake sayar da ita, mega da jiga, jiga guda wajen mega dubu. Saƙon murya na minti guda bai kai mega ɗaya ba. Hoto ta WhatsApp haka nan. Kawu ko ya yini shina magana da dillalan duniya, ba shi cin abin kirki. Bidiyo ita ce kura: awa guda na kallon kokowa ko wasan kwaikwayo na cin mega ɗaruruwa, wani lokaci jiga cur. Akwai kuma ɓarawon da ba a gani. Salula in ta ga wifi, ɗauka take kyauta ce, sai ta shiga sabunta kayan cikinta da kanta, ko mai ita na barci. Ana hana ta, cikin saitinta, amma sai an bi kowace ɗaya.

Anka yi zama cikin zaure. Kawu ya ce samari su faɗi gaskiya, sunka sunkuyar da kai. Uwargida, wadda muke cewa Inna, ita ta yanke magana. Ta ce: «Malam, ni ban san mega ba, amma na san wayar da ake cirewa. A ba ni ita.» Tun ran nan ana kunnawa da safe zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar zuwa isha'i. Sauran lokaci wayar na ɗaure bakin zanenta. An sake lambar sirri. Mai son kallo shi kawo nashi kuɗɗin forfe. Batir ma ya huta.

Gida biyu na kusa sun shigo, suna ba da nasu rabo kowane wata, su zo zaure su zauna, don wifi ba ta wuce ƴan mitoci in ta haɗu da katangar laka. Wannan taimakon juna ne tsakanin maƙwabta. Amma wanda ke son shi mai da abin sana'a, shi riƙa sayar ma jama'a da awa ko da yini, shi sani sayar da intanet sai da izinin hukumar ARCEP, mai kula da sadarwa. Shi tambaya tukuna kafin shi zuba dukiyarshi.

Na ƙara ma kawu gargaɗi guda, ku ma ga shi. Hanyar da labarin kasuwa ke biyowa, ita macuta ke biyowa. Duk wanda ya aiko ya ce ka ci kyauta, ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ka faɗa mashi lambar da ta shigo salularka, kada ka faɗa. In murya ta zo ta ce ɗanka na cikin wahala a aika kuɗɗi maza, ka kira ɗan da lambar da ka sani tukuna.

Na koma garka cikin Satumba 2025. Iskar Agusta ta ɗan karkata ƙarfen, igiya guda ta saki, sun kwantar da shi sun ɗaure sun sake saiti da kansu, ba su kira kowa ba. Kwana biyu da anka yi hadari bai buɗe ba, wuta ta gaza, anka koma tudu. Sauran albasar da kawu bai sayar ma dillalin nan ba tana cikin rudu, an tsince wadda ta ruɓe. Kowace safiya shina sauraren murya biyu, ɗaya daga Adjen Kotoku, ɗaya daga Abijan, sa'an nan shi tafi duba irin da ya zuba. Ƙungiyarsu ta manoman albasa ta soma maganar faranti don mangaza, an tsaya ga wanda za shi riƙa tara kuɗɗin wata. Ran da zan taso wani dillali ya zo da moto. Kawu ya sa anka shimfiɗa mashi tabarma, anka kawo ruwa, sa'an nan ya leƙa cikin gida ya ce ma Inna ta kawo waya.